Shin saurin tafiyar majiyyaci yana nuna yadda zai murmure bayan tiyatar zuciya?

Ɗiyar_Baba:
Assalamu alaikum. Tambayata ga likitoci da ma'aikatan jinya da ke wannan zaure ce, da duk wanda ya taɓa jinyar wanda aka yi wa aikin zuciya. Mahaifina yana da shekara 74, kuma likitoci sun ce bawul ɗin da jini ke bi ya fita daga zuciyarsa zuwa jiki ya tsuke, sai an canza shi. Ranar da muka je gwaje-gwajen share fage, bayan an ɗebi jini an ɗauki hoton zuciya, sai wata ma'aikaciyar jinya ta fito da shi baranda, ta nuna masa layi biyu a ƙasa, ta ce ya taka daga wannan zuwa wancan yadda ya saba tafiya, ita kuma tana riƙe da agogo. Ta rubuta sakan 7 da ɗoriya. Da muka shiga wurin likita, ya ce tafiyar Baba tana da nawa, kuma wannan yana cikin abin da za su duba kafin su tsayar da irin aikin da za a yi masa. Ta yaya tafiyar mita biyar za ta gaya wa likita abin da hoton zuciya da gwajin jini ba su gaya masa ba? Kuma nawar tafiya tana nufin ba zai tashi daga aikin ba ke nan? Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Abu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi a sa'a. A ganina kada ki ɗora wa wannan gwaji nauyi, domin duk wanda ya haura shekara saba'in dole tafiyarsa ta ragu, kuma likita ya riga ya san shekarunsa tun daga katin asibiti.

Nas_Mai_Haƙuri:
Malam Abu_Hanan, ai a nan ne amfanin gwajin yake, domin dattawa biyu masu shekara ɗaya ba lallai ƙwarin jikinsu ya zo ɗaya ba. Na ga mai shekara tamanin da yake shiga ɗaki da kuzari, na kuma ga mai sittin da biyar da sai ya huta kafin ya kai bakin ƙofa. 'Yar'uwa Ɗiyar_Baba, abin da aka yi wa mahaifinki sanannen gwaji ne. Ana shata mita biyar a wuri mai shimfiɗa, majiyyaci ya taka da tafiyarsa ta yau da kullum ba tare da gaggawa ba, a maimaita sau uku da ɗan hutu a tsakani, sannan a ɗauki matsakaicin lokacin. Mai dogara sanda da sandarsa zai yi. Wanda ya cinye sakan 6 ko fiye, shi ake sawa cikin masu nawa, wato gudunsa bai wuce mita 0.83 a sakan ɗaya ba. Wannan ba hukunci ba ne a kan rayuwar kowa, alama ce da ke sa mu ƙara shiri.

Likita_Mai_Tiyata:
Bayanin Nas daidai ne, bari in ƙara asalin wannan iyaka ta sakan 6. A shekarar 2010 Dokta Jonathan Afilalo na Jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada, tare da abokan aikinsa, sun wallafa binciken da suka yi a kan majiyyata 131 masu shekara 70 zuwa sama, waɗanda za a yi wa aikin jijiyoyin zuciya ko na bawul. Kashi 46 cikin ɗari daga cikinsu sun faɗa rukunin masu nawa. Da aka bi diddiginsu bayan aiki, sai aka ga cewa mutuwa ko babbar matsala a asibiti, irin su shanyewar ɓarin jiki, gazawar ƙoda, daɗewa a kan na'urar numfashi, ruɓewar raunin ƙirji ko komawa ɗakin tiyata, ta fi samun masu nawa da kusan ninki uku, kuma hakan bayan an yi la'akari da lissafin haɗari na ƙungiyar likitocin tiyatar ƙirji ta Amurka, wanda ya riga ya ƙunshi shekaru da ciwon suga da lafiyar ƙoda da ƙarfin bugun zuciya.

Dalilin da ya sa tafiya take faɗin abin da hoto bai faɗa ba shi ne, hoton zuciya zuciya kaɗai yake dubawa, ita kuwa tafiya aikin jiki ne gaba ɗaya. Kafin mutum ya taka mita biyar da kuzari, sai zuciya ta tura jini, huhu ya ba da iska, jini ya kasance da ƙarfin ɗaukar iskar, tsokar cinya ta ɗaga jiki, ido da kunnen ciki su tsare shi daga tangaɗi, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa duk wannan a lokaci ɗaya. Tiyatar zuciya tana taɓa kowane ɗaya daga cikin waɗannan. Ana tsaga ƙashin ƙirji, a yawancin lokuta a tsayar da zuciya a ɗora jinin mutum a kan inji na wani lokaci, sannan jiki ya shiga aikin gyara kansa na makonni. Lamarin kamar matafiyi ne da guzurinsa: hanya ɗaya ce za a bi, amma wanda ya fito da guzuri kaɗan shi ne jinkiri ƙanƙani zai galabaitar. Saurin tafiya yana ba mu kimar guzurin da jiki ya rage da shi.

Mai_Lissafi:
Ranka ya daɗe Likita, ina girmama bayaninka, amma ina jin tsoron yadda wannan kalma ta ninki uku za ta sauka a zuciyar mai tambaya. Mutum 131 ba su da yawa, kuma waɗanda matsalar ta samu a cikinsu 30 ne kawai. Shi ya sa su kansu masu binciken suka nuna cewa ainihin adadin yana iya kasancewa ko'ina tsakanin ninki 1.23 da ninki 7.54, wato daga ƙari ɗan kaɗan zuwa ƙari mai yawan gaske. Binciken da ya fi nauyi a wurina shi ne wanda shi Afilalo ɗin ya jagoranta a 2016, mai majiyyata 15,171 masu shekara 60 zuwa sama daga asibitoci 109. A can an ga cewa duk raguwar mita 0.1 a sakan tana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 11 cikin ɗari a kan haɗarin da mutum yake da shi tun farko. A lura da wannan gaɓa da kyau. Idan haɗarin mutum 2 ne cikin ɗari, ƙarin kashi 11 ba zai mai da shi 13 ba, zai mai da shi kusan 2.2 ne. Kuma a wannan babban binciken, da aka haɗa saurin tafiya da lissafin haɗarin da ake da shi, ingancin hasashen ya ƙaru, amma ɗan ƙanƙani ne ƙarin. Saboda haka amsar tambayar Ɗiyar_Baba ta biyu a fili take: mafi yawan masu nawar tafiya suna tashi daga aikin.

Likita_Mai_Tiyata:
Ban musa ko ɗaya daga cikin alƙaluman da ka kawo ba, Malam Mai_Lissafi, kuma na ji daɗin yadda ka warware maganar kashi 11. Inda muka bambanta shi ne, kai kana auna gwajin da yawan abin da ya ƙara wa lissafi, ni kuma ina auna shi da abin da yake sa ni yi. Idan na ga dattijo ya cinye sakan 7 ko 8, nakan koma in duba ko yana da ƙarancin jini, ko ya rame a 'yan watannin nan, ko yana cin abinci yadda ya kamata, ko mantuwa ta fara kama shi, ko akwai wanda zai tsaya masa idan an sallame shi. Da yawa daga cikin waɗannan ana iya gyara su kafin ranar aiki. Gwajin da ba ya buƙatar komai sai agogo da baranda, kuma yake buɗe waɗannan tambayoyi, ya cancanci minti biyun da yake ci.

Hajiya_Kakar_Yara:
Ni ba likita ba ce, amma na yi jinyar maigidana lokacin da aka yi masa aikin jijiyoyin zuciya. Shi tun kafin ciwon zuciya gwiwoyinsa suka lalace da ciwon gaɓoɓi, har ya zama ba ya tafiya sai da sanda. Da an auna shi da wannan agogon, na tabbata cikin masu nawa zai faɗa. Amma cikin ikon Allah ya farfaɗo lafiya, ya riga wasu da suka fi shi kuzari barin asibiti. To, 'yata, ki kwantar da hankalinki. Tambayata ga likitoci ita ce, wanda gwiwa ce ta hana shi sauri, mene ne haɗin gwiwarsa da zuciyarsa?

Mai_Gashin_Ƙashi:
Hajiya, Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Tambayarki tana kan hanya, domin agogo ba ya bambance dalilin nawa. Wanda gwiwa ta riƙe, da wanda numfashi ya riƙe, da wanda tsokarsa ta zube, duk lamba ɗaya za su iya bayarwa, alhali halin da suke ciki ba ɗaya ba ne. Shi ya sa ba a tsayawa a kan tafiya kaɗai. Tun a 2001 Dokta Linda Fried da abokan aikinta a Amurka suka zayyana alamomi biyar na raunin tsufa: rama ba da niyya ba, yawan gajiya, raunin damƙar hannu, nawar tafiya, da ƙarancin motsa jiki. Sai mutum ya haɗa uku daga ciki ake cewa raunin ya tabbata. Mai ciwon gwiwa da hannunsa ke da ƙarfi, yake cin abinci, bai rame ba, yana iya kasancewa da alama ɗaya tak.

Sai dai ba zan ce gwiwa ba ta da ruwa da murmurewa ba. Mu da muke tayar da majiyyata daga gado mun san haka. Bayan an ɗinke ƙashin ƙirji da waya, yakan ɗauki mako shida zuwa takwas, wani lokaci fiye, kafin ya haɗe, kuma a farkon wannan lokaci ana taƙaita dogara da hannu da ƙarfi wajen tashi. Wanda ya saba tura jikinsa da hannuwa saboda ƙafafunsa ba su da ƙarfi, sai ya samu kansa an rage masa abin da ya dogara da shi. Idan tashi ya yi wuya, kwanciya ta yi tsawo, kuma kwanciya ita ce babbar abokiyar gabar dattijo: majina ta taru a huhu, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, tsoka ta narke. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa dattawa masu cikakkiyar lafiya da aka kwantar kwana goma sun yi asarar kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Waɗannan lafiyayyu ke nan, balle wanda aka buɗe wa ƙirji.

Dattijo_Mai_Ɗinki:
Ni an yi mini aikin, saboda haka bari in faɗi abin da na gani daga kan gado. Duk maganar da ake yi a sama ta mutuwa ce da rayuwa, amma abin da ya fi damuna kafin aiki shi ne ko zan koma in riƙa shiga banɗaki da kaina, in yi wanka ba tare da an riƙe ni ba. Washegarin aiki aka zaunar da ni a kujera, ba a jima ba kuma aka fara zagayawa da ni baranda, ga bututu a jiki ga zafi a ƙirji. A lokacin na ga kamar rashin tausayi ne. Daga baya na lura cewa a ɗakinmu waɗanda suka shigo asibiti da ƙafarsu da kuzari su ne suka fi saurin karɓar wannan tafiya, waɗanda kuwa suka shigo a gajiye sai an yi ta lallashi. Ina roƙon likitoci, idan za ku yi wa iyali bayanin wannan gwaji, ku faɗa musu abin da yake nufi ga komawar mutum gidansa da harkokinsa, kada ku tsaya a kan kashi nawa ke mutuwa.

Ɗiyar_Baba:
Na gode muku ƙwarai, musamman Malam Mai_Lissafi da Hajiya, domin yanzu numfashina ya dawo. Baba Dattijo, abin da ka faɗa shi ne ainihin fargabar mahaifina, domin ya fi tsoron zama nauyi a kanmu fiye da tsoron aikin. Yanzu ga wata tambayar. Akwai sauran makonni kafin ranar da aka ba mu. Idan muka dage da fita da shi tafiya har lokacinsa ya sauko ƙasa da sakan 6, haɗarin zai ragu ke nan?

Abu_Hanan:
Idan dai maganar likitoci haka take, to ai hanya ta samu. A riƙa fita da shi safe da yamma, ana ƙara masa sauri da nisa kullum har ranar ta zo.

Likita_Mai_Tiyata:
A'a, Malam Abu_Hanan, a nan dole in taka birki. Wanda bawul ɗin fitar jininsa ya tsuke sosai, idan aka matsa masa da motsa jiki mai ƙarfi yana iya suma, yana iya samun ciwon ƙirji, abin ma yana iya wuce haka. Haka wanda ciwon ƙirjinsa yake tasowa ko yana zaune. Malama Ɗiyar_Baba, kada ku ƙara masa komai a kan abin da ya saba sai likitan da ya ga hoton zuciyarsa ya faɗi iyakar da zai tsaya. Idan kuma ya suma, ko numfashi ya fara yanke masa yana kwance, ku koma asibiti a ranar, kada ku jira ranar da aka ba ku.

Amma shirya jiki kafin aiki abu ne da ake yi, a ƙarƙashin kulawa. A shekarar 2000 an wallafa wani gwaji daga Hamilton a Kanada, inda aka raba majiyyata 249 masu jiran aikin jijiyoyin zuciya gida biyu, aka sa rukuni ɗaya motsa jiki sau biyu a mako a gaban ma'aikata. Waɗannan sun riga sauran barin asibiti da kimanin kwana ɗaya. A 2006 kuma wani gwaji daga ƙasar Holan ya nuna cewa horar da tsokar numfashi da wata ƙaramar na'ura kafin aiki ya rage matsalolin huhu daga kashi 35 zuwa kashi 18 cikin ɗari a tsakanin masu haɗarin kamuwa da su. Ki tambayi likitanku a kan horon numfashi, da gyaran ƙarancin jini idan akwai, da abinci mai gina jiki, da duba haƙora, domin ƙwayoyin cuta daga baki suna iya kama sabon bawul.

Mai_Lissafi:
Ina so in tsaya a kan tambayar Ɗiyar_Baba kamar yadda ta yi ta, domin tana da zurfi. Cewa masu nawa sun fi shiga matsala abu ɗaya ne, cewa ƙara wa mutum sauri zai cire shi daga matsalar abu ne daban. Binciken 2010 da na 2016 kallo kawai suka yi, ba su canza tafiyar kowa ba. Gwajin Hamilton da Likita ya kawo kuwa an yi shi ne a kan masu ƙaramin haɗari, ba a kan dattawa masu rauni ba, kuma abin da ya auna kwanakin asibiti ne. Idan dattijo ya koyi yin sauri a gaban agogo alhali jininsa da tsokarsa da huhunsa suna nan yadda suke, lamba ce ta canza, shi bai canza ba. Abin nema shi ne ƙarfin da ke haifar da saurin.

Mai_Gashin_Ƙashi:
Na yarda da rabin maganarka, Malam. Amma a aikace ban san hanyar da dattijo zai ƙara saurin tafiyarsa ta yau da kullum, ya riƙe shi har makonni, ba tare da cinyarsa ta ƙara ƙarfi ba. Kuma ƙarfin cinya shi ne abin da zai tashe shi daga gado a rana ta biyu.

Ummu_Khairi:
Ni abin da ke damuna daban ne. Mahaifiyata gajeruwa ce, takunta ƙanana ne tun tana da ƙuruciya. Idan iyaka ɗaya aka sa wa dogon namiji da gajeruwar mace, ashe ba za a riƙa jefa mata cikin masu rauni ba gaira ba dalili? Kuma wa zai tabbatar mana cewa ba za a wayi gari ana hana mutum aikin da zai ceci ransa saboda sakan ɗaya ba?

Nas_Mai_Haƙuri:
Damuwarki tana da tushe, 'yar'uwa. A binciken 2010 ɗin ma mata da masu ciwon suga sun fi yawa a cikin masu nawa. Ma'aunin Fried da Malam Mai_Gashin_Ƙashi ya ambata yana bambanta iyaka gwargwadon jinsi da tsawon mutum, ita kuwa iyakar sakan 6 an bar ta ɗaya ne don sauƙin aiki, kuma sauƙi yana da nasa farashin. Akwai kuma abin da nake gani da idona: mutum ya kwana bai yi barci ba saboda fargaba, ko an hana shi abinci tun dare don gwajin jini, ko takalminsa yana zamewa, sai a auna shi a haka. Idan iyali sun ga lambar ba ta yi kama da mutumin da suka sani a gida ba, su faɗa, a sake aunawa.

Likita_Mai_Tiyata:
Game da hana aiki, Malama Ummu_Khairi, ban san likitan kirki da zai yanke hukunci da agogo kaɗai ba. Abin da gwajin ya fi shafa shi ne zaɓin hanya. Tun da Dokta Alain Cribier ya fara sa bawul ta cikin jijiya ba tare da tsaga ƙirji ba a birnin Rouen na Faransa a 2002, dattawa da yawa da a da ake ganin ba za su jure buɗe ƙirji ba sun sami mafita. Wataƙila wannan ne likitan mahaifin Ɗiyar_Baba yake nufi da ya ce za su duba irin aikin. Sai dai ko a wannan hanya an ga cewa masu tsananin nawa sun fi shiga haɗari, domin sabon bawul yana gyara zuciya ne, ba ya mayar da tsokar da ta zube. Akwai kuma wata gaɓa mai wuya da muke muhawara a kanta a tsakaninmu: idan bawul ɗin ne da kansa ya hana mutum tafiya, to nawarsa dalili ne na gaggauta aiki, domin da zarar an buɗe hanyar jini yana iya dawowa da kuzarinsa. Rarrabe wanda zuciya ta rage wa sauri da wanda jiki gaba ɗaya ya gaji shi ne ainihin aikin, kuma agogo ba ya yin sa.

Dattijo_Mai_Ɗinki:
To Likita, mu da aka riga aka yi wa aikin fa? Ko akwai amfani a ci gaba da auna tafiyarmu bayan an sallame mu, ko gwajin na kafin aiki ne kawai? Ni dai a wurin motsa jiki na masu ciwon zuciya abin da suke auna mini shi ne nisan da zan iya cikin minti shida, ba sakan nawa zan yi a mita biyar ba, kuma ina so in san wanne ya fi nuna cewa ina samun sauƙi.

Mai_Gashin_Ƙashi:
Baba, kowanne da abin da yake nunawa. Na minti shida juriya yake aunawa, wato yadda zuciya da huhu suke ɗaukar aiki mai tsawo, shi ya sa muka fi amfani da shi wajen bin ci gaban wanda ya riga ya miƙe. Na mita biyar ya fi amfani ga wanda bai kai ga jure minti shida ba tukuna. Idan sun rubuta maka nisan da ka yi a zuwanka na farko, ka nemi su nuna maka shi tare da na yanzu, kuma a auna a baranda ɗaya, domin yawan juyawa a gajeriyar baranda yana rage nisan da mutum zai yi.